Kwalbar da Kawu Ya Yi Wa Tofi

Ciwon Inna da jin ƙauri ya fara. Ran nan da hantsi tana zaune tana ninke atamfofin da take sayarwa a ɗaki, sai ta ɗaga kai ta ce wani abu yana ƙonewa. Na leƙa kicin, babu komai a wuta. Ta ce ba abinci ba ne, roba ce. To, mu a Briqueterie muke, Birik kamar yadda bakinmu ya saba, unguwar da hayaƙin masu tsire ke rufe titi tun daga la'asar, kuma kullum akwai mai ƙona wani abu a bayan gidan wani. Mutum ya ce yana jin ƙauri a Birik bai ba da labari ba. Na ce mata iska ce ta kawo, na tafi aiki.

Washegari zazzaɓi ya rufe ta. A wajenmu zazzaɓi iri biyu ne: na sauro, sai taifot idan na sauron ya ƙi jin magani. Muka yi na farko, muka yi na biyu. A rana ta huɗu na shigo gaishe ta, ta dube ni da fara'a ta ce, "Hajiya, bismillah, zauna," ta jawo atamfa ta baje mini tana yabon launinta, tana cewa ba ta zuba. Shekara talatin da takwas ina 'yarta, ba ta taɓa yi mini irin wannan tarbar ba. Kafin azahar ta faɗi tana karkarwa, kumfa a bakinta, muka kwashe ta sai asibiti.

Aka kwantar da ita a hawa na biyu. Likitar wata 'yar ƙaramar mace ce daga kudu, mai saurin magana da saurin tafiya, Faransanci kawai take yi. Da yake ni ce ke koyar da lissafi a makarantar sakandare, ni ce 'yar bokon gidan, duk wata magana ni aka turo gaba. Yayana, mai shagon yadi a kasuwar Mokolo, yana jin Faransanci sarai idan ciniki ne, amma da ya ga farar riga sai kunnensa ya toshe.

Likita ta ce tana zaton ƙwaƙwalwa ce ta kumbura, kuma wata ƙwayar cuta ce ta jawo, irin ƙananan nan da suke kira virus. Amma zato ba sani ba ne. Ciwo da yawa suna shigowa da wannan fuskar, kowanne da maganinsa. Za ta fara maganin wanda ta fi zargi nan take, amma sai an ɗebi ruwan da ke cikin ƙashin baya an kai labo, wato ɗakin gwaji, kafin a san ko kan hanya take. In ba shi ba ne, kwanakin da aka ɓata ba sa dawowa.

Da labarin ya isa gida, unguwa ta ɗauka. Kowa ya san wani da aka ɗebar wa ruwan baya bai sake tafiya ba. Babu wanda ya san sunansa, amma kowa ya san shi. Magana ta koma wajen Kawu, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba. Kawu malami ne. Rabin 'yan kasuwar unguwar a gabansa suka gyara karatun sallarsu, kuma mata ba sa rabuwa da barandarsa da kofin ruwa a hannu, ya karanta ya tofa musu. Gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin aiki. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa masallacin da ke jikin gidan, nan duniyarsa ta tsaya. Matattakalar asibiti kuwa, ko a mafarki.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ya kama sunana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Uwata, ke kika ga likitar, ke kika ji yarensu. In kin ce a yi, a yi."

Na ce a yi. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye ba.

Da aka zo ɗibar ruwan, ni na riƙe Inna. Aka kwantar da ita ta gefe, aka naɗe ta, gwiwa a ƙirji, kai a sunkuye. Na rungume ƙafafunta da wuyanta kamar mai ɗaure kaya. Allurar doguwa ce, na gan ta sau ɗaya na kau da kai. Inna ba ta san inda take ba, amma jikinta ya sani. Ta yi ta kiran uwarta, wadda ta rasu tun kafin a haife ni, tana cewa a daina, ba za ta ƙara ba. Ruwan ya riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya, garau, ba ka bambanta shi da na famfo. Na yi mamakin a ce duk wannan kukan saboda abin da bai cika cokali biyu ba.

Kwalba uku aka cika, ƙanana, kowacce ba ta wuce ɗan yatsa ba. Biyu za a duba a nan asibitin. Ta ukun sai babban labo da ke can wani gefen gari, inda suke da injin da ke gane virus. A garin nan dangi ke kai irin wannan saƙon. Likita ta sa kwalbar a leda, ta haɗa da takarda, ta danƙa mini. Ta ce a sa ta cikin ƙanƙara, a tafi kai tsaye. Ta maimaita kalmar sau biyu, har da nuni da hannu: "Direct, madame. Direct."

Shagunan bakin asibiti ba su da ƙanƙara, wutarsu ta ɗauke tun safe. Na tuna maƙwabciyarmu mai sayar da folere, wato zoɓo, firizarta ba ta rabo da ƙanƙara. Birik kusan a kan hanya take. Na yi lissafi, tunda shi ne sana'ata: minti goma zuwa gida, biyar ɗaukar ƙanƙara, sai labo. Na hau bensikin, ɗan acaɓar nan, kwalba a jaka, jaka a ƙirji.

Abin da lissafina ya manta shi ne gaisuwa. Daga bakin layi zuwa ƙofar gidanmu taku sittin ne, kuma a kowane taku akwai mai cewa yaya mai jiki. Tela ya tsayar da kekensa, mai tireda ya leƙo, matar da muka yi shekara ba ma magana ta fito da hannu duk kumfa. Ba a amsa wa irin wannan da gudu. Na samu dai na karɓi ƙanƙarar, na fasa ta a ƙaramar kula, na juyo. Kawu yana baranda a kan buzunsa.

"Uwata, an yi?"

"An yi, Kawu."

"Shi ne a nan ciki?"

"Shi ne. Sauri nake, an ce kar in tsaya."

"Mu gani."

Kwana biyar bai ga ƙanwarsa ba. Shi ma zazzaɓin damuwa ya taɓa shi, ya rame, har wani ɗan ƙurji ya fito masa a gefen leɓe, irin wanda muke cewa zazzaɓi ya fita ta baki. Na zaro kwalbar daga leda na miƙa masa. Ya ɗaga ta saitin haske ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe wannan ne ruwan da ke jikinta. Ban iya zuwa wajenta ba, ga shi ita ta zo."

Sai ya murɗe murfin. Ba ƙwacewa ya yi ba, ba ɓoyewa ya yi ba. Murfin ma ni ya miƙo wa in riƙe masa, na kuwa karɓa. Na san ba daidai ba ne. Ko ɗalibata mafi barci a aji ta san ba a buɗe kayan gwaji a baranda. Amma ban taɓa ce wa Kawu "kar ka yi" ba tun da na iya magana, kuma bakin da bai saba da kalma ba, ba ya samo ta cikin gaggawa. Ya karanta abin da zai karanta, a hankali, bai rage ko harafi ba. Sannan ya kawo kwalbar bakinsa ya tofa sau uku. Tofi dai iska ce da ɗan abin da ba a rasa ba. Kawu kuwa haƙoransa na gaba sun zube, nasa ba iska kaɗai ba ce.

Ya ce, "Rufe, ki yi sauri, tunda sun ce a yi sauri."

A labo akwai taga da mutum a bayanta, da safar hannu. Ya tambaye ni ƙarfe nawa aka ɗiba, na faɗa. Ya tambaya ko ta zauna cikin sanyi, na nuna masa ƙanƙara. Bai tambaya ko wani ya yi mata addu'a ba, ni kuma ban ga dalilin amsa tambayar da ba a yi ba. A hanyar dawowa na gaya wa kaina cewa injin da aka yi a ƙasar Turawa ba zai rasa sanin bambancin ruwan baya da yawu ba. Na yarda da kaina, don babu wanda ke kusa da zai musa.

Kwana uku muka jira. Inna tana nan jiya i yau, ruwan magani yana ɗiga a hannunta, wani lokaci ta buɗe ido ta nemi a kashe abin da ke ƙonewa. Da sakamako ya fito na je na karɓo a ambulan na kawo wa likita. Ta karanta, fuskarta ta saki, karo na farko da na ga haƙoranta.

Ta ce, "Positif. Mun kama shi. Shi ne wanda na zarga, maganin da muke ba ta shi ne nasa. Ba sai mun nemi wani abu ba kuma."

Na yi hamdala. Da na tsaya nan, da na koma gida da labari mai daɗi. Amma halin malaman makaranta, sai na tambaya wane irin virus ne, a ina ta samo shi.

Ta ce ai ba baƙo ba ne. Yawancin mutane suna ɗauke da shi tun ƙuruciya, yana kwance a jijiya ba ya komai. Shi ne ke fitowa a gefen leɓe idan mutum ya yi zazzaɓi. Yana cikin yawu. Jefi-jefi ne ƙwarai yake ɓatan hanya ya hau ƙwaƙwalwa. Sannan, da yake tana cikin nishaɗi, ta ƙara mini da bayanin injin. Ta ce ba ganin virus ɗin yake yi ba. Ɗan ɓurɓushinsa yake samu, komai ƙanƙantarsa, ya yi ta ninka shi, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har ya yi yawan da za a gani. Shi ya sa suke tsantseni da kwalaben nan, ko numfashi ba sa so a kansu.

Ninki kuwa na san shi, shi nake koyarwa a aji uku. Na zauna a kujerar da ba a ce in zauna ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya mata. Wahalar ita ce Faransanci ba shi da kalmar tofi. Na ce addu'a ce da ake hurawa. Ta ce hurawa kamar yaya. Sai da na kwatanta mata, ni da girmana, a ofishinta, sau uku. Na faɗi maganar ƙurjin leɓe a ƙarshe, da ƙaramar murya.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, "Madame, yanzu ban san na waye na kama ba. In na mahaifiyarki ne, muna kan hanya. In na kawunki ne, to ita wani abu ne daban yake cin ta, kuma da na daina nema yau." Ta ce ba za ta tsayar da maganin ba, amma dole a sake ɗiba, kuma gobe, don kullum maganin yana rage abin da injin zai samu. Ta ce wannan karon ma'aikacinsu zai kai. Ban yi gardama ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ita ce mafi nauyi ba. Na tsaya a bakin gadon Inna ina kallon bayanta, inda aka manna auduga. Saboda kalma uku da na kasa faɗa wa Kawu, za a sake naɗe ta.

Sai kuma gida. Da na ce za a sake, yayana ya tashi tsaye. Ya ce sun mayar da tsohuwa rijiya, sun ɓatar da na farko ne suna neman rufewa, shi fa bai yarda ba. Ya samu abin da zai riƙe, kuma gaskiya da na bar shi a haka da kowa ya huta: laifi ya tafi kan masu farar riga, su da ba a unguwa suke ba. Amma in bai yarda ba, ba za a ɗiba ba. Na bar shi yana yi, na fita baranda.

Bayan la'asar ne, mutane sun watse. Na durƙusa a gefen buzun na yi wa Kawu bayani, ina zagaye-zagaye kamar mai neman aure. Na yi maganar injin, na yi maganar ninki. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Wato abin da na tofa, shi suka gani?"

"Ba a sani ba, Kawu. Shi ya sa za a sake."

Ya kai yatsa ya taɓa leɓensa, inda ƙurjin ya fara bushewa.

"Allurar, ita ce dai doguwar da ake faɗa?"

"Ita ce."

"Wancan karon ta yi kuka?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Ta yi."

Ya sauke yatsan daga leɓensa. Sannan ya ce in kira masa yayana. Da ya zo, tun kafin ya buɗe baki, Kawu ya ce, "Ba su ba ne, ni ne. Na sa bakina inda ba a sa baki. Gobe ka je ka riƙe uwarka da kanka." Bai ambaci wadda ta riƙe masa murfi ba, ni ma ban ambata ba sai yau.

Yayana ya riƙe ta. Ya fito daga ɗakin jiƙe da gumi, ya wuce masallaci. Ni ina bakin ƙofa, na ji komai.

Wasu kwana ukun. Sakamako na biyu ya fito daidai da na farko. Nata ne. Na taho gida kusan da gudu, na amsa gaisuwar layi a tsaitsaye, abin da har yau wasu ba su yafe mini ba. Na ce, "Kawu, nata ne, ba naka ba ne. Da ma can a kan hanya ake."

Ya ce alhamdu lillahi. Sai ya ce, "Amma an huda ta sau biyu." Can kuma ya ce, "Uwata, kin ce abin a yawu yake. Tun tana goye nake tofa mata. Ki tambayar mini likitar, ko a wajena ta samu tun farko."

Na tambaya. Likita ta ce kusan kowa yana da shi, daga uwa, daga kofi, daga sumbatar jariri, ba wanda zai iya sanin inda mutum ya samo. Na kawo masa amsar yadda take. Ni na ji "kusan kowa yana da shi". Shi kuwa "ba wanda zai iya sani" ya ji, kuma ya fi ni sanin cewa wannan ba a'a ba ce.

Daga ranar Kawu ya daina tofi. Bai yi shela ba. Mace za ta kawo kofi, ya karanta, ya shafa, ya miƙa mata. Ta tsaya tana jira, ya ce shi ke nan, Allah ya ba da lafiya. Aka fara ƙananan maganganu a layi cewa Malam ya tsufa, yana manta ƙarshen addu'a. Wasu suka koma wajen wani malami a Nkomkana. Na yi masa magana sau biyu, na ce kwalbar labo daban, kan mutum daban. Ya ce ya ji.

Inna ta yi sati uku cur ana ƙara mata maganin, sannan aka sallame ta. Ta dawo da ƙafafunta, abin da ya ba unguwa kunya ƙwarai. Amma ba duka ta dawo ba. Ta san mu, ta san sallarta, ta san kowace atamfa da sunanta. Abin da ya faru jiya ne ba ya zama. Asibitin gaba ɗaya ya goge, ba ta san an taɓa huda ta ba balle sau biyu, mu kuma ba mu ga amfanin gaya mata ba.

Wata rana da yamma, wajen wata biyu da dawowarta, ina tsintar shinkafa a baranda, ta fito tana dafa bango. Ta zauna a gaban Kawu ta zame ɗankwalinta baya.

"Yaya, kaina ke sarawa."

Ya ɗora hannu a goshinta ya karanta. Ya gama, ya janye hannun. Ita kuwa tana nan, kai a sunkuye, ido a rufe. Ta jira, ta jira.

"Yaya, ba ka ƙarasa ba."

Ni ya juyo ya kalla. Mutumin da ya haura tamanin, wanda ban taɓa ganin ya nemi iznin kowa ba a cikin gidan nan, yana kallona yana jira in ce wani abu. Na ji kamar in nutse. Na ajiye farantin.

Na ce, "Ƙarasa mata, Kawu."

Ya sunkuya ya tofa sau uku, a hankali. Inna ta shafa fuska, ta gyara ɗankwalinta, ta ce yanzu ta ji dama.